Babi na Shida: Ginshiƙin da Ba Ya Ɗaukar Kaya

A babin da ya gabata mun ga ginshiƙi tsaye shi kaɗai, ana iya zagaya shi, linta da rufi suna bisa kansa. Mun kuma san salo uku da Girkawa suka bar wa duniya: Dorik mai kauri da ƙarancin ado, Ayonik mai nannaɗe biyu a ka, da Korintiyan mai ganyaye a ka. Wannan babi na ɗan'uwansa ne da ke manne a jikin bango, wanda ba a iya zagaya shi, kuma galibi ba ya ɗauke da komai.

Iri biyu ne. Akwai rabin ginshiƙi, wato kewayayye wanda rabinsa ya fito waje, rabi kuma ya nutse cikin bango. Akwai kuma shafaffe, mai fuska a miƙe da kusurwa biyu, wanda fitowarsa daga bango wani lokaci ba ta fi faɗin tafin hannu ba. Wannan na biyun shi za mu riƙa kira ginshiƙin bango. Yana da duk abin da cikakken ginshiƙi yake da shi: gindi, jiki, da kai mai ado, a samansa kuma ga layin linta an fito da shi a jikin bangon. Amma da za a sa guduma a ɓamɓare shi tas, ginin ko gezau ba zai yi ba.

To, me ya sa maginan Turai suka shafe fiye da shekara 2000 suna kashe dukiya a kansa? Me kuma ya sa wasu manyan masana suka kira shi ƙarya? Sai mun bi tarihinsa daga tushe kafin mu iya yanke hukunci.

Da farko aiki yake yi

Kafin Girkawa su koma gina ɗakunan bautarsu da dutse zalla, da tubali da katako suke yi. A Olimfiya, garin da a dā ake yin wasannin nan na duk bayan shekara huɗu, har yau akwai kufan haikalin gunkiyarsu Hera, wanda aka gina wajen shekara ta 600 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Gindin bangonsa dutse ne, samansa tubali. Ginshiƙansa da farko na itace ne, in ɗaya ya ruɓe sai a musanya shi da na dutse. Marubuci Pausanias, wanda ya ziyarci wurin a ƙarni na 2 Miladiyya, ya tarar da sauran guda na itace yana nan tsaye.

Tsarin irin wannan haikali ɗaki ne mai tsawo, bangayensa biyu na gefe sun zarce gaba sun yi rumfa a bakin ƙofa. Ƙarshen waɗannan bangaye biyu shi ne wurin da ya fi rauni. Duk wanda ya san ginin ƙasa ya san bakin katanga ruwa ke fara ci, shi kuma kafaɗa da kaya ke gogawa. Ga shi a daidai nan ne gungumen da ke ɗauke da rufin rumfar yake sauka. Sai magina suka riƙa lulluɓe bakin bangon da katako mai kauri, ya tsare tubalin, ya kuma karɓi nauyi. A Olimfiya ana ganin gurbin da aka sassaƙa a dutsen gindi don kafa wannan katako. Da aka koma ginin dutse, buƙatar ta kau, amma siffar ta zauna: bakin bango ya ɗan fi sauran kauri, da ɗan ado a kansa. Shi ne Girkawa ke kira anta, kuma daga gare shi ginshiƙin bango ya fito.

Girkawa ba su taɓa ɗaukar anta a matsayin ginshiƙi ba. Kan da suke yi masa daban yake da na ginshiƙan da ke tsaye kusa da shi, don mai kallo ya san wannan bakin bango ne, wancan kuwa ginshiƙi.

Inda suka haɗa bango da ginshiƙi sosai, dole ce ta sa. Mutanen Akragas da ke tsibirin Sisili, bayan an ci nasara a kan rundunar Kartaj a Himera a shekara ta 480 kafin Miladiyya, sun ɗauki aniyar gina wa gunkinsu Zeus haikalin da ya fi mita 110 tsawo, ya kuma fi mita 50 faɗi. Dutsen yankin mai laushi ne, kuma tazarar da ke tsakanin ginshiƙan ta yi yawa a ce linta ta tsallaka ta ba tallafi. Sai aka cike tsakaninsu da bango. Daga waje mutum zai ga rabin ginshiƙai, daga ciki kuma shafaffu. Masanin tarihi Diodorus ya ba da labarin cewa tsagin da ke jikin kowane ginshiƙi yana iya ɗaukar mutum. Kartaj ta ci birnin a 406 kafin Miladiyya, ba a gama ginin ba.

Rumawa sun ɗora wa bango kaya

A hannun Rumawa ne abin ya sauya gaba ɗaya, kuma kankare ne sanadi. Sun gano cewa idan aka kwaɓa farar ƙasa da tokar dutse mai aman wuta, irin wadda ake haƙowa a Pozzuoli kusa da Napoli, aka zuba ɓaraguzan duwatsu a ciki, abin yana daskarewa ya yi ƙarfi ƙwarai. Da wannan suka riƙa gina baka da ƙubba. Shi kuwa baka ba ƙasa kawai yake danna nauyinsa ba, yana tura shi gefe da gefe. Siririn ginshiƙi ba zai iya da wannan turi ba, sai bango mai kauri ko dirka mai faɗi.

Ke nan ginshiƙi ya rasa aikinsa a manyan gine-ginen Rum. Amma Rumawa ba su yarda su rabu da shi ba. Sun ci Girka da yaƙi, sun rushe Korinti a 146 kafin Miladiyya, duk da haka a idonsu ginin da ba shi da ginshiƙi irin na Girkawa bai cika ginin girma ba. Dabarar da suka yi ita ce su bar baka da bango su ɗauki kaya, sannan su manna siffar ginshiƙi da linta a fuskar ginin. Ana ganin haka tun a Tabularium, ginin da aka yi a birnin Rum a 78 kafin Miladiyya, inda kowane baka yake tsakanin rabin ginshiƙai biyu.

Wanda ya fi kowanne nuna wannan dabara shi ne Kolosiyam, dandalin wasan da Sarki Vespasian ya fara, ɗansa Titus ya buɗe a shekara ta 80 Miladiyya. Tsayinsa kusan mita 48 ne, kewayensa ya fi rabin kilomita. Da aka gina shi, hawa uku na ƙasa kowanne yana da baka 80, kuma tsakanin kowane baka biyu akwai rabin ginshiƙi. Na hawan farko masu sauƙin ado ne, dangin Dorik. Na biyu Ayonik ne, na uku Korintiyan. Hawa na huɗu ba shi da baka ko ɗaya, bango ne rufe ruf, sai 'yan tagogi ana tsallake gurbi ɗaya. A nan ne aka jera shafaffun ginshiƙan bango, kowanne daidai saitin na ƙasa da shi. Tsakanin kowane biyu akwai duwatsu uku da suka fito waje, jimilla 240, waɗanda a dā ke riƙe da sandunan rumfar da ake ja wa 'yan kallo don rana. Sojojin ruwa da aka kawo daga Misenum su ke jan igiyoyinta.

Ko ɗaya daga cikin waɗannan ginshiƙai ba shi ne ke riƙe da Kolosiyam ba. Amma a dubi abin da suke yi wa ido. Sun raba wannan makeken gini gida-gida, yadda mutum zai iya ƙirga shi, ya kuma gane girmansa. Mai kauri yana ƙasa, mai ado yana sama. Kewayayye yana ƙasa, shafaffe yana can ƙoli. Saboda haka ginin yana ƙara sauƙi a ido yayin da yake hawa. Ba don su ba, da hawa na huɗu ya zama dogon bango marar fasali.

A ɗakunan bauta kuma wata buƙata ce ta jawo shi. Haikalin Girkawa ana zagaya shi ta cikin ginshiƙai ta ko'ina. Na Rumawa yana bisa dandamali mai tsayi, matakala ta gaba kaɗai, kuma suna son ɗakin ciki ya yi faɗi. Sai suka tura bangayen gefe har suka haɗu da layin ginshiƙai. A birnin Nim na kudancin Faransa akwai Maison Carrée, wanda aka gina a farkon ƙarni na 1 don tunawa da Gaius da Lucius, jikokin Sarki Augustus, kuma yana cikin haikalan Rumawa da suka fi tsira daga lalacewa. Yana da ginshiƙai 30, amma 10 ne kawai ke tsaye da ƙafarsu a rumfar gaba. Sauran 20 rabi-rabi ne a jikin bango. Daga nesa sai ka rantse ana iya ratsawa ta bayansu.

A cikin gini ma haka. Ƙubbar haikalin Fantiyon na birnin Rum, wadda aka gama wajen shekara ta 125 a zamanin Sarki Hadrian, faɗinta mita 43 ne, kuma tana zaune ne bisa bango mai kaurin kusan mita 6. Mai shiga ba ya ganin wannan kauri. Abin da yake gani shi ne ginshiƙai da ginshiƙan bango na marmara masu launi, har da ruwan ɗorawa da aka haƙo a Shamtu, cikin Tunisiya ta yau. Su ne suke sauko da wannan ƙaton fili zuwa ma'aunin ɗan'adam.

A Afirka ta Arewa ne kuma aka kai adonsa maƙura. Sarki Septimius Severus, wanda ya mulki daular Rum daga 193 zuwa 211, haifaffen Leptis Magna ne, gabas da Tarabulus a Libiya ta yau. Ya fara gina wa garinsu babban zauren shari'a da hada-hada, ɗansa Caracalla ya kammala a 216. A ƙarshen zauren ta kowane ɓangare akwai ginshiƙan bango na farar marmara, an sassaƙe fuskarsu daga gindi har kai. Reshen inabi da ganyaye suna murɗawa suna hawa, a cikin murɗe-murɗen kuma ga ƙananan siffofi na labarin Hercules da Dionysus, gumakan da garin ya ɗauka majiɓintansa. An huda dutsen da zurfi har bayan ganyen ya zama baƙar inuwa, adon ya fito fari tas a kanta. A nan ginshiƙin bango ya zama allon sassaƙa tsantsa.

Fulorans da matsalar kusurwa

Bayan faɗuwar daular Rum ta yamma, ginshiƙin bango bai ɓace ba, amma ƙa'idarsa ta sassauta. A majami'u da yawa na arewacin Italiya ya koma ɗan siririn layi a jikin bango, ba gindi ba kai. Sai a ƙarni na 15 aka dawo masa da martabarsa. A 1416 Poggio Bracciolini ya ci karo da kwafin littafin Vitruvius, magini na zamanin Augustus, a ɗakin karatun gidan ibada na St Gall da ke Suwizalan. Littafin ya bayyana ma'aunin kowane salo. Masu zanen gini suka shiga auna kufan Rum suna gwadawa da abin da ya rubuta.

Filippo Brunelleschi, maƙerin zinariya da ya koma magini, shi ne ya fara mayar da ginshiƙin bango ma'aunin ɗaki. A ɗakin da ya gina wa iyalan Medici a jikin cocin San Lorenzo a shekarun 1420, bangon fari ne fat, ginshiƙan bango da linta da bakuna kuma na wani dutse ne mai ruwan toka da ake haƙowa a tsaunukan kusa da Fulorans. Mai shiga yana ganin ƙashin ginin kamar an ja masa layi: ga inda nauyin ƙubba ya sauko, ga inda ya bi har ƙasa.

A wannan ɗaki ne kuma wahalar abin ta fito fili. Cikakken ginshiƙi kewayayye ne, duk ta inda ka dube shi ɗaya ne. Shafaffe kuwa yana da fuska, to idan ya zo lungun ɗaki, wane bango zai fuskanta? A babban ɗakin, Brunelleschi ya naɗe shi biyu, rabi a wannan bango rabi a wancan. A ɗan ƙaramin ɗakin bagade, inda wuri ya ƙure, sai ya bar wani siririn tsinke kawai yana leƙowa daga lungun, kamar sauran jikin ya shige cikin bango. Maginan da suka biyo baya sun daɗe suna muhawara a kan wannan lungu.

Ba kusurwa kaɗai ba ce. Cikakken ginshiƙi yana tsukewa yayin da yake hawa, kansa bai kai gindinsa faɗi ba. Shafaffe galibi a miƙe yake tun daga ƙasa. Idan aka tsayar da ginshiƙi a gaba, aka sa ginshiƙin bango a bayansa, kawunansu ba za su zo daidai ba, alhali linta ɗaya ce za ta hau su duka. Dole mai zane ya zaɓa: ko ya tsuke na bangon, ko ya bar linta ta ɗan kauce. Ganyen kan Korintiyan ma, da aka tsara don da'ira, sai an sake shimfiɗa shi a fuska mai faɗi. Wannan ya nuna cewa abin da ba ya ɗaukar kaya ba lalle ne ya zama mai sauƙin yi ba.

Leon Battista Alberti shi ya fito da shi kan titi. Kafin hakan gidajen attajiran Fulorans kamar ganuwa suke. Gidan Medici da aka fara a 1444, hawansa na ƙasa manyan duwatsu ne masu kaushi, ba ginshiƙi ko ɗaya. Wani attajiri, Giovanni Rucellai, ya sayi gidaje da yawa a jere, yana son su zama gida ɗaya a idon mai wucewa. Wajen tsakiyar ƙarnin Alberti ya zana masa fuska guda ta dutse da ta rufe su duka, hawa uku, kowanne da jerin ginshiƙan bango, ɗaya bisa ɗaya, kamar yadda ya gani a Kolosiyam. Titin ƙunci gare shi, ba wurin da cikakken ginshiƙi zai tsaya, saboda haka da ƙyar suka fito daga bangon. Wanda ya matsa kusa zai ga wani abu: layukan da ke nuna mahaɗar duwatsu sassaƙa su aka yi, kuma ba ko'ina suka dace da ainihin mahaɗar ba. Ta hannun dama kuma aikin ya tsaya cak, bakin duwatsun a cacccake, suna jiran ci gaban da bai zo ba har yau.

Alberti yana da hujja a kan abin da ya yi. A littafinsa na ilimin gini, wanda aka buga a 1485 bayan rasuwarsa, ya ɗauki ginshiƙi a matsayin babban adon gini, ya kuma yi bayanin cewa linta ce ta dace da kan kewayayyen ginshiƙi, baka kuwa dirka mai kusurwa yake so. Idan gini na bango ne, adon da ya fi dacewa da shi shi ne mai siffar bango. A cocin Sant'Andrea da ke Mantuwa, wanda aka fara a 1472, shekarar da ya rasu, ginshiƙan bango ne ke mulki ciki da waje.

Daga Michelangelo zuwa Landan

Michelangelo bai ga dalilin da zai sa kowane hawa ya zama da nasa ƙaramin ginshiƙi ba. A fadar Conservatori da ke kan tudun Kafitol a Rum, ya miƙar da ginshiƙan bango na Korintiyan tun daga ƙasa har ƙarƙashin rufi, suka haɗe hawa biyu. A gindinsu kuma ya sa ƙananan ginshiƙai na gaske suna riƙe da lintar rumfa. Ginin hawa biyu ne kacal, amma kwarjininsa ya cika dandalin. Da aka damƙa masa aikin cocin St Peter bayan rasuwar Antonio da Sangallo a 1546, yana da shekara fiye da 70, irin waɗannan dogaye ya zagaye bayan ginin da su, suka ɗaure lunguna da kusurwoyinsa suka zama jiki ɗaya.

Carlo Maderno kuma ya mayar da shi hanyar jan ido. A fuskar cocin Santa Susanna da ya gama a 1603, gefe-gefe shafaffu ne. Ana matsowa tsakiya sai su koma kewayayyu, suna ƙara fitowa, suna ƙara matsuwa da juna, inuwarsu na ƙara duhu, har a iso bakin ƙofa. Ba wanda zai tsaya a gaban ginin ya tambayi ta ina ake shiga.

Akwai kuma maganar kuɗi, wadda ba a cika faɗa ba. Cikakken ginshiƙi na dutse sai an haƙo, an sassaƙa, an yi jigila, an ɗaga. Andrea Palladio ya yi wa manyan garin Vicenza aiki, mutanen da burinsu ya fi aljihunsu. Gidaje da yawa da ya gina musu jan bulo ne aka yi wa shafe, har da jikin ginshiƙan, dutse kuwa sai a gindi da kai inda ake buƙatar sassaƙa. Littafinsa mai kashi huɗu, da aka buga a Benis a 1570 da zane da ma'auni, ya ratsa Turai. Inigo Jones na Ingila ya zagaya Italiya da kwafinsa a hannu yana rubutu a gefen shafi. Da ya koma gida ya gina wa Sarki James na Ɗaya zauren liyafa a Whitehall, cikin Landan, aka gama a 1622. Fuskarsa gurbi bakwai ne: uku na tsakiya rabin ginshiƙai ne ke tsaronsu, na gefe shafaffu, a ƙarshe kuma an jera biyu-biyu don kusurwa ta yi ƙarfi a ido. Daga nan littattafan zane suka kai shi Amurka da ƙasashen da Turawa suka mallaka, har ya sauka a bakin ƙofofi, da tagogi, da jikin kabad.

Masu cewa ƙarya ne

Da abu ya yi yawa, suka ta biyo baya. A 1753 wani malamin coci Bafaranshe, Marc-Antoine Laugier, ya fitar da ɗan littafi a kan gini. Ya ce asalin gini duka bukka ce: kututture huɗu a tsaye, rassa a gicciye, rufi a sama. Duk abin da ba shi da gurbi a wannan bukka, a ganinsa, ƙari ne. Ginshiƙi dole ya tsaya shi kaɗai, ya zama kewayayye, ya ɗauki kaya. Ginshiƙin bango kuwa ya ɗauke shi mummunan kwaikwayo da ya kamata a kora.

Maganarsa ta yi tasiri. Jacques-Germain Soufflot ya zana cocin Sainte-Geneviève a Faris, wanda yanzu ake kira Fantiyon na Faris, da ginshiƙai tsayayyu a ciki da dirkoki sirara ƙarƙashin ƙubba. Amma dirkokin suka fara tsagewa, sai da aka ƙara musu kauri a farkon ƙarni na 19. Nauyi ba ya jin muhawara. Duk da haka ra'ayin bai mutu ba. John Ruskin a Ingila ya sa gaskiya cikin sharuɗɗan gini nagari a littafinsa na 1849. Adolf Loos a Biyana ya kai ga haɗa ado da laifi a farkon ƙarni na 20. Da ƙarfe da kankaren zamani da gilashi suka zo, manyan masu zane suka yi watsi da ginshiƙin bango kusan gaba ɗaya.

Masu sukar suna da gaskiya ta wani fanni. An yi gine-gine da yawa da aka liƙa wa ginshiƙai barkatai don a rufe rashin fasali. Amma kiran abin ƙarya ya wuce gona da iri. Ƙarya sai da wanda aka ruɗa, kuma ba mai hankalin da zai ga abu mai kaurin tafin hannu ya zaci shi ke riƙe da bene. Aikin da ake yi wa babbar riga ba ya hana sanyi, amma ba wanda ya taɓa cewa yaudara ce. Yana zama a wuya da aljihu, inda rigar ke shan wahala, yana kuma faɗin matsayin mai ita. Haka ginshiƙin bango yake a hannun gwani. Yana tsayawa inda nauyi ke sauka ya nuna wurin. Yana raba bango bisa ma'auni, ya ba taga da ƙofa mazauni. Yana jawo inuwa a fuskar da rana za ta baje. Yana kuma bambanta ƙofar shiga da sauran gini. Duk wannan aiki ne, ko da ba na ɗaukar kaya ba ne.

Abin da mai karatu zai duba

Yau wannan ado ya iso unguwanninmu. A sababbin gidajen Kano, Kaduna, Abuja da Yamai ana ganin ginshiƙan siminti da aka zuba a ma'auni, an manna su a bakin get ko a fuskar bene. Jikokin na Rum ne, ko mai gidan ya sani ko bai sani ba, saboda haka da ma'aunin Rum ya kamata a auna su.

A fara duba samansa. Ginshiƙin bango yana bukatar linta ko baka a kansa. Wanda ya tsaya a tsakiyar bango ba komai bisa kansa, an yi shi a banza. A duba saiti: na hawan sama ya zauna daidai kan na ƙasa, kada ya faɗo bisa taga ko ƙofa. A duba tsayi da faɗi. Giacomo da Vignola, a littafinsa na 1562 da magina suka yi ɗaruruwan shekaru suna bi, ya sa tsayin Dorik ya zama faɗinsa sau 8, Ayonik sau 9, Korintiyan sau 10. Wanda ya gaza haka da yawa zai fito gajere dukurkur, wanda ya zarce kuma ya fito kamar zai karye. A ƙarshe a duba tazara: ta zama ɗaya, ko kuma ta sauya bisa dalili, kamar faɗaɗawa a bakin ƙofa.

Idan ginshiƙin bango ya cika waɗannan sharuɗɗa, kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Idan bai cika ba, gara mai gida ya bar bangonsa haka nan, ya yi masa shafe mai kyau, ya adana kuɗinsa.